D5, Piriton da Finobab: Wuri Ɗaya Suke Taɓawa a Ƙwaƙwalwa?

Ɗan Ringim:

Assalamu alaikum, manyanmu. Tambayata a kan abin da duk ma'aikacin asibitin ƙauye ke gani ne, balle yanzu da bazara ta kama, ɗaki ya zama tanda, barci ya yi wa mutane wuya.

Ga yadda abin yake zuwa. Dattijo mai shekara 70 da ɗoriya ya ce barci ya ƙaurace wa idonsa. Ranar kasuwa jikansa ya biya kemis, aka ƙulla masa D5, wato dayazifam mai miligiram 5, aka ce ɗaya kowane dare. Daren farko da na biyu ya yi barci, gida ana ta hamdala. Wajen kwana goma sai a ga Baba yana layi a hanyar masallaci, yana gyangyaɗi tun da hantsi, a gaya masa magana anjima ya ce ba a yi ba. Bayan wata biyu ko uku ƙwaya ɗayar ta daina sa shi barci, amma in ta yanke masa, kafin mako ya zagayo hannu ya fara rawa, gaba na faɗuwa, ya kwana ido biyu.

Abin da nake so a warware mana shi ne, mene ne takamaimai dayazifam yake taɓawa a ƙwaƙwalwa? Tunda ba a ƙara masa yawan ƙwayar ba, me ya sa layin bai zo ba sai bayan kwana goma? Sannan Piriton, Phenergan, amitiriftilin da finobab duk suna sa barci. Wuri ɗaya suke kamawa? In wuri ɗaya ne, ana iya cire masa D5 a maye gurbinsa da Piriton? Allah ya ƙara sani.

Mai Harhaɗa Magani, Kura:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba wuri ɗaya ba ne. Dayazifam da finobab gida ɗaya suke shiga, amma kowa da inda yake zama. Piriton kuwa unguwarsa ma daban ce, zan bar wa masu jinya bayaninsa, su suka fi ganin aikinsa a jikin yara da tsofaffi.

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba, akwai 'yar rata a tsakaninsu. In ɗaya za ta isar da saƙo, sinadari take fesawa cikin ratar, ta gaba ta cafe. Abin da take cafewa da shi shi ne risefta, ni makarɓa nake ce mata. Wani furotin ne dashe a bangon ƙwayar, siffarsa ta dace da sinadari guda, shi kaɗai yake amsa wa kira. Sinadaran suna da yawa, amma biyu ne ke riƙe da ragama. Gulutamet shi ke zuga ƙwaya ta harba saƙo, GABA shi ke kwantar da ita. Tun 1950 aka gano GABA a ƙwaƙwalwa, kuma dayazifam da duk danginsa a kan makarɓarsa suke aiki, wadda ake kira GABA-A.

Wanda ya san noman rani a Kadawa ya san ƙofar kanal, ya kuma san mai buɗe ta. To makarɓar GABA-A ƙofa ce irin wannan. Ɓangare biyar ne suka kewaye rami a tsakiya: alfa biyu, beta biyu, gama ɗaya. GABA yana zama a mahaɗar alfa da beta, wuri biyu. Da ya zauna sai ramin ya buɗe na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuloraid ya kwarara cikin ƙwayar. Kuloraid ɗin nan shi ne dai rabin gishirin miya. Shigarsa tana sauke cajin lantarkin da ke cikin ƙwayar, sai ta yi sanyi, kamar garwashin da aka yayyafa wa ruwa. Bai mutu ba, amma sai an yi fifita sosai kafin ya kama.

Dayazifam ba ya zama a kujerar GABA. Nasa wurin a mahaɗar alfa da gama yake, a 1977 aka gano shi, shekara 14 bayan fitowar dayazifam da sunan Valium a 1963. Kuma a riƙe wannan da kyau: ba ya buɗe ƙofar da kansa. Giris yake zuba mata, yadda duk sanda mai ƙofa ya taɓa sai ta tafi, ta riƙa buɗewa a kai a kai. In babu GABA a wurin, zaman banza dayazifam yake yi. Shi ya sa aikinsa yake da iyaka, ba ya wuce abin da GABAn jikin mutum zai iya. Lexotan, Ativan, Mogadon da Rohypnol, wanda matasa ke kira roci daga sunan kamfanin Roche, duk kujerar nan ɗaya suke zama. Bambancinsu ƙarfi ne da daɗewa a jiki.

Finobab ya girme su, tun 1912 yake. Shi a bangon ramin yake maƙalewa, ya sa ƙofa in ta buɗe ta daɗe ba ta rufe ba. In ya yi yawa kuma ba ya jiran mai ƙofa, da kansa yake tokare ta a buɗe, ya haɗa da danne makarɓar gulutamet. Ba shi da iyakar da dayazifam yake da ita, tazarar da ke tsakanin adadin da ke sa barci da wanda ke tsayar da numfashi kaɗan ce. Don haka finobab na mai farfaɗiya ne, da takardar likita. Ba a ba mai rashin barci, shi ma mai farfaɗiyar ba a yanke masa dare ɗaya.

Batun layi da mantuwa yana ga alfa. Alfa iri shida ce, dayazifam yana kama huɗu daga ciki, bai san zaɓe ba. Alfa-1 ita ce ta barci da ɗauke tunawa, tana kuma da yawa a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wadda ke daidaita tafiya da tsayuwa. Alfa-2 da alfa-3 su ke kwantar da fargaba, su saki tsoka. Alfa-5 tana wurin da ake ajiye sabon abin da mutum ya ji ko ya gani. Ka ga wanda barci kawai ya nema, a ƙulli ɗaya an haɗa masa da sakin gwiwa, da layi, da mantuwa. Zolfidem, wanda ake sayarwa da sunan Stilnox, ya fi karkata ga alfa-1, kuma rabinsa yana barin jini cikin awa biyu da rabi, amma shi ma yana kama mutum, akwai kuma masu tashi su yi tafiya ko su ci abinci cikin barci ba su sani ba.

Yanzu kwana goman. Dayazifam yana son kitse. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa ƙwaƙwalwa, bayan 'yan awoyi ya sulale zuwa kitsen jiki, mutum ya farka ya ɗauka magani ya fita. Bai fita ba, ɓuya ya yi. Hanta ce ke narka shi a hankali, kuma abin da take fara mayar da shi, nodayazifam, shi ma kujerar yake zama, ya ma fi uwar tasa daɗewa. Ga ƙiyasi mai sauƙin riƙewa: awoyin da rabin dayazifam ke ɗauka kafin ya bar jini sun yi kusa da shekarun mutum. Ɗan 20, wajen awa 20. Ɗan 70, wajen awa 70, kusan kwana uku. Ke nan in Baba ya haɗiyi miligiram 5 yau da dare, gobe war haka kusan 4 na nan, ya ɗora sabon 5 a kai, jibi ma haka. Taruwar ba ta tsayawa sai wajen mako biyu, lokacin abin da ke jikinsa ya kai ninki huɗu zuwa biyar na daren farko, ban da nodayazifam. Ƙwaya ɗaya yake sha, nauyin biyar yake ɗauke da shi.

A kuma tambayi me yake sha ban da ita. Omifirazol da simetidin na olsa, da fulukonazol, suna rage wa hanta saurin narka dayazifam, taruwar ta ƙaru. Rifamfisin na tarin fuka kuwa saurin yake ƙara mata, ƙwayar ta zama kamar ba a sha ba, bayan an gama maganin tarin da mako biyu kuma ta dawo da ƙarfinta.

Inda nake jin tsoro shi ne tsakanin gado da bayi. Ƙarfe huɗu na asuba, ba wuta, ya lalubi buta, ya tsallake dokin ƙofa, ya tsuguna, ya miƙe da sauri kada jam'i ya wuce shi. A nan ƙugu ke karyewa, kuma tsofaffin da ƙugunsu ya karye, da yawa ba sa sake takawa da ƙafarsu.

Hajiya Nas, Jahun:

Sannu da ƙoƙari, Malam, bayani ya fito fili. Ƙanena Ɗan Ringim, kada ka maye D5 da Piriton. Ba zai toshe gurbin ba, sai dai ya ƙara wa Baba wata wahalar.

Ita ƙwaƙwalwa akwai masu riƙe ta a farke, ɗayansu histamin ne. Shi ne dai mai sa ƙaiƙayi da atishawa, amma a can ciki wasu 'yan ƙwayoyi ne a gindin ƙwaƙwalwa ke watsa shi duk yini, su yi shiru in an yi barci. Makarɓarsa H1 sunanta. Piriton da Phenergan toshe ta suke yi, su zauna a kujerar ba su yi komai ba, histamin ya zo ya rasa wurin zama. Dayazifam ƙara wa mai kwantarwa ƙarfi yake yi, Piriton kuwa bakin mai tayarwa yake rufewa. Jikin da ya saba da D5, ƙofar GABA ce ta yi masa tauri, Piriton ko hanyar ƙofar bai sani ba. Rawar hannu da jijjigar da ake gudu, ba zai hana ko ɗaya ba. Loratadin ma H1 yake toshewa, amma ba ya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa yake maganin ƙaiƙayi bai cika sa barci ba.

Sannan barcin Piriton ba ya ɗorewa, kwana uku zuwa huɗu jiki ya saba. Abin da ya fi damuna ɗaya ɓarnar ce. Magungunan nan suna toshe makarɓar asitilkolin, ita ce mai sa yawu, da gumi, da motsin hanji, da matse mafitsara. Sai baki ya bushe, bayan gida ya yi tauri, gumi ya ragu a watan da zafi ke haura digiri 40. Dattijon da dama fitsarinsa a tsiyaye yake fita saboda kumburin furostet, sai ya tsaya cak, mara ta taso kamar an kife ƙwarya, sai an sa masa roba. Wani kuma ya rikice, yana kiran mutanen da ba sa wurin, a ce tsufa ne. Amitiriftilin duk waɗannan yana yi, ya ƙara da toshe makarɓar da ke matse jijiyoyin jini in mutum ya miƙe, sai jiri ya ɗebe shi. Shi maganin ciwon damuwa ne da ciwon jijiya, likita ke rubutawa, kuma a ɓoye shi nesa da yara, don in yaro ya samu ya haɗiya, zuciya yake taɓawa.

Ina roƙon a riƙa gaya wa iyaye mata ranar awo da ranar rigakafi: Phenergan ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2, yana iya danne masa numfashi. Ba a ɗura wa jariri ruwan Piriton don ya yi shiru a mota ko a gidan biki. Wasu yaran ma akasin abin da ake nema ake samu, yaro ya ƙi barci, ya yi ta tsala kuka, jiki ya yi zafi.

Kada kuma a ɗauka dayazifam abin ƙi ne. A ɗakin shan magani na ƙauye shi ke ceton yaron da zazzaɓin cizon sauro ya jefa cikin taune-taune, don jijjiga harbi ne na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba ƙaƙƙautawa, buɗe ƙofar GABA kuwa shi ke kashe wutar. In jijjiga ta kai minti biyar, a kwantar da yaro a gefensa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Kwalbar allurar miligiram 10 ce cikin mililita 2. Ta dubura ake ba da miligiram 0.5 ga kowane kilo, wato mililita 0.1. Yaro mai kilo 10, mililita 1 ke nan. A zuƙa a ƙaramin sirinji, a cire tsinin, a shigar da shi santimita 4 zuwa 5, a tura, a matse ɗuwawun yaron na 'yan mintoci kada ya dawo. Ba a yi a tsoka, don daga tsoka a hankali yake shiga jini, ba a kuma san yadda zai shiga ba. In bayan minti 10 bai lafa ba a ƙara sau ɗaya, ba a wuce biyu, don na uku numfashi yake taɓawa. A duba sukarin jininsa, a ƙirga numfashi, a nemi abin hawa tun ana cikin yi. Sulalewar nan zuwa kitse da Malam ya faɗa ita ke sa jijjigar ta iya dawowa a hanya. Jaririn da bai kai mako biyu ba finobab ake masa. Mai ciki kuwa in ta yi jijjiga, magnisiyam salfet ne maganinta, ya fi dayazifam hana ta maimaitawa. Dayazifam yana ratsa mabiyiya, jariri ya fito a sake, ba ya kama nono, yana kuma bin ruwan nono.

Likita, Dutse:

Malam da Hajiya sun gama da inda magungunan ke zama. Saura dalilin da ya sa ƙwaya ke daina aiki, da yadda ake sauka daga kanta.

Ku ɗauki mangalar jaki. In aka yi ta ɗora kaya a gefe guda, mai jaki duwatsu yake sawa a ɗaya gefen don ta daidaita. Haka ƙwaƙwalwa take yi in kullum ana ƙara wa GABA ƙarfi. Tana janye wasu makarɓun daga bango ta shigar da su cikin ƙwayar, tana sassauta alaƙar da ke tsakanin kujerar dayazifam da ta GABA, sannan ta ƙara wa ɓangaren gulutamet nauyi. Cikin 'yan makonni barcin da ƙwayar ke kawowa ya ragu. Dama shi ba irin barcin asali ba ne, don dayazifam yana rage barci mai nauyi, wanda jiki ke hutawa a cikinsa, ya ƙara mai sauƙi. Mutum ya kwana awa takwas ya tashi kamar an yi masa duka.

Ranar da aka sauke kayan lokaci guda, duwatsun suna nan, mangala ta kife. Gulutamet ya yi rinjaye ba mai taka masa birki: rashin barcin da ya fi na farko, faɗuwar gaba, gumi, rawar hannu, ƙaramar ƙara ta zame masa tsawa, in ya yi tsanani jijjiga ko rikicewa. Mai shan Ativan cikin kwana ɗaya zuwa biyu yake gani. Mai shan dayazifam sai bayan kwana uku zuwa mako ɗaya, wani lokaci fiye, saboda ajiyar da ke cikin kitse tana ta tsiyayowa. Tazarar nan ce ke sa ba a danganta abin da ƙwayar. A yi ta maganin zazzaɓi da taifod, ko a ce iska ce, alhali tambaya ɗaya ce ba a yi ba: akwai ƙwayar da ya daina sha makon jiya?

Ƙa'idar tun farko ita ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu, tsoho kuma gara a kauce masa gaba ɗaya, in ya zama dole rabin na babba. Lasisin kemis na ƙauye bai ba da izinin sayar da dayazifam ba, sai da takardar likita a kantin magani mai rajista.

Wanda ya riga ya saba, a hankali ake saukar da shi, wajen kashi ɗaya cikin takwas na abin da yake sha, duk mako biyu. Mai shan miligiram 10, a raba ƙwayar D5 gida huɗu, kowane gutsure miligiram 1.25 ne. Ya koma 8.75, bayan mako biyu 7.5, sai 6.25, sai 5. Daga 5 zuwa ƙasa nan ne wuyar take, a rage taku, in an samu ƙwaya mai miligiram 2 ta fi daɗin rabawa. In wani mataki ya yi masa nauyi, a tsaya a nan mako biyu ko uku, kada a koma sama. Baba mai shan 5, wata biyu zuwa uku zai ɗauka. Mai shan Lexotan ko Ativan, akan fara mayar da shi kan dayazifam don shi ba ya faɗuwa a jini da sauri, Lexotan mai miligiram 3 ya yi kusa da D5 ɗaya. Maganin ya zauna a hannun mutum ɗaya a gidan, shi zai riƙa ba shi, a kuma riƙa karɓo na mako biyu biyu. Wanda ke sha da yawa, ko ya taɓa jijjiga, ko yana haɗawa da wasu ƙwayoyi, ba a gida ake saukar da shi ba. A tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Haɗin shi ke kisa. Iyakar da Malam ya ce dayazifam yana da ita, tana aiki ne in shi kaɗai ne. Kodin da tramol wata makarɓa suke kamawa, mai suna miyu, kuma tana nan a cibiyar numfashi da ke mahaɗar ƙwaƙwalwa da laka. Cibiyar nan ita ke jin gurɓatacciyar iska ta taru a jini ta ce a ja numfashi. Kodin yana toshe mata kunne. Dayazifam kuma ya saki tsokar maƙogwaro, ya hana mutum farkawa in ya shaƙe. Kowanne shi kaɗai da sauƙi, in sun haɗu ba mai tsaro. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi girma a kan haɗa su, a 2018 kuma Najeriya ta hana yi da shigo da ruwan tari mai kodin. Giya ma ƙofar GABA take taimakawa, haɗa ta da D5 haka yake. Matasan da ke shan tramol da rana don ƙwadago a gona, su sha D5 da dare don barci ya zo, suna tsakanin haɗari biyu, don tramol yana jawo jijjiga, ranar da D5 ya yanke kuwa abin da ke danne ta ya tafi. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa ya dawo da shaƙuwa, da mai tsohon ciwon huhu, su ma ba a ba su.

In aka kawo wanda ba ya farkawa, a fara da numfashi. A ƙirga na minti guda cur. Babba 12 zuwa 20 yake yi, ƙasa da 10 haɗari ne. A kwantar da shi a gefe, a ɗaga haɓarsa, kada a ɗura masa manja ko nono, kada a sa shi amai, huhu za su tafi. In ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, akwai dangin kodin, nalokzon miligiram 0.4 a tsoka ko a jijiya, a maimaita bayan minti biyu zuwa uku in bai motsa ba. Nalokzon miyu kawai yake kwancewa, ba ruwansa da dayazifam, kuma aikinsa kan ƙare cikin awa ɗaya ko kusa, don haka ko ya farka ba a sallama. Dayazifam ma yana da mai tunɓuke shi daga kujera, fulumazenil, amma ga wanda jikinsa ya saba, sauke kayan mangala ne cikin minti ɗaya, jijjiga yake jawowa. Jakar hura numfashi da hanzarin kai shi babban asibiti sun fi shi amfani.

Ɗan Ringim:

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, ranka ya daɗe Likita. Saura abu ɗaya. In an sauke Baba daga D5, rashin barcin da ya kai shi kemis yana nan. Yawancin dattawanmu ba sa rabuwa da goro, ga shayin dare. Shi goro makarɓar GABA yake toshewa? Melatonin da ake talla kuma fa, dangin su D5 ne?

Mai Harhaɗa Magani, Kura:

Ko ɗaya ba ya taɓa GABA. Tun da mutum ya farka ƙwaƙwalwa ke ƙona makamashi, tokar da ke taruwa ita ce adenosin. Yana zama a makarɓarsa, yana ƙaruwa har dare, shi ne nauyin idon da ake ji bayan isha. Cikin barci ake share shi. Kafeyin da ke cikin goro, shayi, Nescafé da lemukan ƙara kuzari, siffarsa ta yi kama da adenosin, sai ya zauna a kujerar ya hana shi. Gajiyar tana nan, ƙwaƙwalwa ce ba ta ji ba. Wajen kashi 2 cikin 100 na busasshen goro kafeyin ne, goro guda matsakaici zai iya kai kofin Nescafé ko ya fi. Rabin kafeyin yana barin jini cikin awa biyar. Goron da aka ɓara ƙarfe biyar na yamma, ƙarfe goma rabinsa na nan, ƙarfe uku na dare rubu'i. Ga abin da ba a cika lura da shi ba: sifuro, wanda ake rubutawa don taifod, yana hana hanta narka kafeyin, sai goron da bai taɓa hana mutum barci ba ya hana shi a makon. Ba a ce wa dattijo ya bar goro, a ce ya tsaya daga azahar.

Melatonin kuwa ba ya danne komai. Wata 'yar halitta ce a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke fitar da shi in duhu ya yi, yana zama a makarɓu biyu, MT1 da MT2, ya shaida wa agogon jiki dare ya yi. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta shi, har da waya a gaban ido. Ƙwayarsa, miligiram 1 zuwa 3, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, ta fi amfani ga wanda agogonsa ya goce, irin direban dare ko saurayin da ba ya barci sai ƙarfe biyu. Ba za ta hana wahalar sauka daga D5 ba. Akwai kuma sabbin magunguna masu toshe oreksin, sinadarin farkawa da aka gano a 1998, na farkonsu an amince da shi a Amurka a 2014.

Kafin duk wannan, Malam, ka zauna ka ƙirga awoyin da shi. Ya kwanta ƙarfe tara bayan isha, ya farka ƙarfe uku, shida ke nan, ga ƙailular awa ɗaya bayan azahar, bakwai. Ɗan 70 bakwai ɗin ce buƙatarsa. Da yawa barcinsu bai ragu ba, matsowa ya yi gaba. Irin wannan ya jinkirta kwanciya zuwa goma, ya taƙaita ƙailula zuwa rabin awa, ya samu hasken rana da yamma. In kuma da gaske ba ya samu, a nemi abin da ke tayar da shi: ciwon gwiwa ko baya, ƙaiƙayi, tari, sauro, ko damuwar da ta biyo bayan rashin matarsa ko ɗansa, wadda farkawa da tsakar dare da rashin cin abinci suna cikin alamunta. A duba ledar magungunansa. Furedinisolon da dekza in an sha da yamma suna hana barci, Lasix da sauran masu sa fitsari a mayar da su safe. Wanda ke tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare, a auna sukarinsa, a tambayi yadda fitsarin ke fita.